Jirgin katako na haɗawa: na robali, na kanta, ko na ruwa?

Kwalin farko da na saya hoton wani ƙaramin jirgin ruwa ne a jikinsa, ga bututun hayaƙi, ga ƙugiya, an kuma rubuta cewa yana tafiya da kansa. Sai da na gama haɗa shi na kifa shi, sannan na lura ashe tayoyi ne a ƙarƙashinsa, gangar jikin kuwa duk ƙofofi ce kamar kwando. Tafiyar da ake nufi a kan tebur ce. Laifina ne, ban karanta bayanin da kyau ba, kuma na ji daɗin aikin, amma ba abin da na zaci na saya ba ke nan. Abubuwa uku zuwa huɗu ne ake sayarwa da suna kusan iri ɗaya, alhali in ban da katako babu abin da ya haɗa su. Saboda haka kafin ka tsaya duba wanne ya fi kyau a hoto, fara tambayar kanka inda kake son jirgin ya ƙare: a kan tebur yana gudu, a kan kanta ana kallonsa, ko a kan ruwa.

Na tebur shi ne ya fi yawa yanzu. In ka buɗe kwalin za ka tarar da allunan filawud sirara, kaurin kowanne bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, an yanka sassan da leza an bar su maƙale da ɗan ƙaramin tsinke. Ka tura da yatsa su fito, ka cusa wannan cikin wancan, ba gam, ba ƙusa. Kamfanin UGEARS na Yukiren, wanda aka kafa a 2014, yana cikin waɗanda suka yayata wannan salo, sai ROKR na kamfanin Robotime a Sin, da Wood Trick da ire-irensu. Injin jirgin robali ne: ka murɗa makulli, robalin ya naɗe, in ka saki sai ya juya jerin fayafai masu haƙora, su kuma su juya tayoyi ko farfela. Wasu ana sa musu ɗan lilo a ciki mai rage gudu, don kada ƙarfin robalin ya ƙare lokaci guda. A wasu samfuran, sandunan da fayafan ke juyawa a kai tsinken sakace ne kawai, ba ƙari ba ragi.

Abin da ke jan mutane a nan shi ne saurin ganin sakamako. Ƙarami mai sassa ɗari da 'yan kai zai ƙare a zama ɗaya ko biyu. Babba mai sassa ɗari biyar ko fiye zai ci maka 'yan kwanaki. Ba ka bukatar wani kayan aiki sai reza, guntun samfefa da kyandir. Littafin bayanin zane ne kusan gaba ɗaya, don haka harshe ba ya zama cikas. Galibin kwalayen an rubuta shekara 14 zuwa sama, kuma gaskiya suka faɗa: yaro ɗan shekara tara zai iya cusa sassan, amma ba zai iya gano dalilin da ya sa injin ya cije ba.

Cijewar nan kuwa ita ce duk wahalar wannan nau'in. Katako yana gogar katako, ga bakin kowane haƙori da ɗan ƙonuwar leza, ga ragowar tsinken da aka ɓalle. Robali ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, haƙori ɗaya mai kaushi ya isa ya tsayar da jirgin cak. Maganin shi ne ka goge kowane haƙori da samfefa kaɗan, ka shafa masa kyandir, sannan duk lokacin da ka ƙara faifai ɗaya ka juya jerin da yatsa ka ji yana tafiya sumul kafin ka ci gaba. Ni na taɓa tsallake wannan don ɗoki. Na rufe gangar jirgin, na murɗa makulli, na saki, shiru. Faifan da ya cije yana can tsakiya, kuma sassan da aka cusa da ƙarfi ba sa son fitowa. Wajen zare su na karya biyu. Sai da na liƙe su da gam, abin da aka ce ba a bukata. Ka kuma sani filawud yana shan danshin iska ya kumbura, ya bushe ya saki, don haka jirgin da ke gudu yau zai iya yin nauyin jiki bayan wata uku. Robalin ma yana mutuwa, kada ka ajiye shi a naɗe.

Akwai ƙaninsa da ya kamata a ambata a taƙaice: wanda ake juyawa da hannu. Jirgin yana zaune a kan akwati, ka juya mariƙi, wasu fayafai masu ƙusumbi su riƙa ɗaga allunan da aka yanka kamar igiyar ruwa, jirgin yana tangaɗi a kansu. Ba ya zuwa ko'ina. Amma da yake hannunka ne injin, ba ya cijewa kamar na robali, kuma ya fi jure hannun yara da baƙi. In kyauta za ka yi wa wanda bai taɓa haɗa komai ba, wannan zan ce ka ɗauka.

Sai dai duk wanda ya haɗa goma daga cikin waɗannan bai koyi ƙera jirgi ba. Ya koyi yadda fayafai masu haƙora ke miƙa wa juna ƙarfi, ilimi ne mai kyau, amma siffar jirgin ado ce kawai. Da agogo ko jirgin ƙasa aka yi da injin, aikin ɗaya ne. Wanda zuciyarsa ke kan jirgin kansa, kan lanƙwasar gangarsa da igiyoyinsa, na kanta yake nema ko da bai sani ba.

Na kanta ba ya motsi ko kaɗan, amma shi ne asalin sana'ar. Kamfanonin da suka yi suna a kai galibi tsofaffi ne: Amati a Turin ta Italiya, Artesanía Latina da OcCre a Sifaniya, Billing Boats a Denmak, Caldercraft a Ingila, Model Shipways a Amurka. Kwalin nan in ka buɗe shi gabanka zai ɗan faɗi. Ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa da 'yan wasu sassa ne kaɗai aka yanka maka. Sauran damin siraran falankai ne miƙaƙƙu, da ƙullin zare kala-kala, da 'yan jakunkuna na ƙananan ƙarafa, da manyan takardun zane. Kai ne za ka mayar da miƙaƙƙen katako ya zama cikin jirgi mai lanƙwasa ta ko'ina.

Ga yadda abin yake a kusa. Ka kafa haƙarƙarin a kan ƙashin baya, kowanne a tsaye daidai, don in ɗaya ya karkace duk jirgin zai murɗe kuma ba gyara. Sannan ka goge gefunansu da magagari ko samfefa har sai falanki ya kwanta a kansu lumui ba tare da ya tokare a kusurwa ba. Masu farawa sun fi tsallake wannan mataki, su ne kuma ke ganin tudu da kwari a jikin jirgin daga baya. Sai babban darasi: cikin jirgi ya fi hancinsa faɗi. A ce ka auna haƙarƙarin tsakiya da guntun takarda ka sami milimita 60, falankinka kuma faɗinsa milimita 5 ne, falankai 12 ke nan. Ka auna na kusa da hanci ka sami milimita 36. Falankai 12 ɗin nan dai su ne za su bi ta wurin, don haka dole kowanne a fere shi ya koma milimita 3 a wannan gaɓa. In ba ka fere ba, za ka kai falanki na bakwai ko na takwas ka ga wuri ya ƙare a gaba, ga kuma gibi hangame a tsakiya. Bayan ferewa sai ka jiƙa shi, ka ɗumama shi da ƙarfe mai zafi ko tururi har ya karɓi lanƙwasar, ka ɗora shi ya bushe a wurin, sannan gam. A rana mai kyau ina sa falankai huɗu, biyu a dama biyu a hagu, don kada gefe ɗaya ya ja jirgin.

Yawancin kwalayen Turai rufi biyu suke bayarwa. Na farko katako ne mai laushi da ɗan kauri, wanda za ka iya cike ramukansa ka goge. Na biyu siriri ne ƙwarai, kusan rabin milimita, na katako mai kyan launi, shi ne ido zai gani. Wannan rahama ce ga mai koyo, domin rufin farko yana ɓoye kurakurai. Kwalin da ke da rufi ɗaya ba ya rufa wa kowa asiri, sai dai in fenti za ka shafe shi da shi.

In gangar ta ƙare kana ganin ka ci rabi, to igiyoyi na jiranka. Tsayayyun igiyoyi masu riƙe sandunan jirgi baƙaƙe ne, domin a jiragen gaske kwalta ake shafa musu. Masu motsi na ja da sakin ƙyallen iska kuwa launin igiya suke. Matakalar igiya da matuƙa ke hawa, kowane mataki ƙulli-ƙulli ne da za ka ɗaura da hantsaki, kuma a babban jirgi mai sanduna uku ƙullin yana haura dubu. Akwai masu jin daɗin wannan kamar masu saƙa, akwai waɗanda a nan suke ajiye aikin har abada.

Kuskuren da ya fi kashe wa mutane gwiwa shi ne zaɓen jirgin da suka fi so a matsayin na farko. Kowa yana son HMS Victory, jirgin yaƙin Ingila mai bindigogi sama da ɗari da aka sa a ruwa a 1765, wanda kwamandan sojan ruwa Nelson ya yi yaƙin Trafalgar a kansa a 1805, yana kuma nan a Portsmouth har yau. Ko Vasa na Suwidin, da ya nutse a tashar Stockholm a tafiyarsa ta farko a 1628 aka tsamo shi a 1961, jikinsa duk sassaƙa. Ko Cutty Sark na 1869 da ke Greenwich. Victory a ma'aunin 1:72, wato kashi ɗaya cikin 72 na tsawon jirgin gaske, ya haura mita guda a tsawo, aikin shekaru ne ga ƙwararre ma, kuma bayan an gama yana bukatar akwatin gilashi, in ba haka ba ƙura za ta zauna a igiyoyin da ba ka isa ka goge ba. Wanda bai taɓa lanƙwasa falanki ɗaya ba ya ɗauko wannan, ya ɗauko dala ba gammo. Model Shipways suna da jerin jirage uku na masu koyo, farawa da ƙaramin kwalekwalen masunta mai shimfiɗaɗɗen gindi a ma'aunin 1:24, kowanne yana ƙara darasi a kan na baya. OcCre ma suna da ƙanana na farawa, suna kuma sa bidiyon haɗa jiragensu mataki-mataki a YouTube. Bayan irin waɗannan, jirgi kamar Bluenose na Kanada, na 1921, mataki ne mai kyau: gangarsa doguwa ce siririya mai sauƙin rufewa, sandunansa biyu, babu layin bindigogi.

Kayan aiki a nan sun fi na tebur yawa amma ba su kai yadda ake tsoro ba: aska mai kaifi da ake sauya wa baki, ƙaramin zarto, magagari, abin huji na hannu, hantsaki, fil, fegin shanya masu yawa, farin gam na katako. Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: gam ba ya kama bakin da leza ta ƙona da kyau, sai ka kankare baƙin tukuna.

Saura na ruwa, wanda shi ne kawai ya cancanci a ce masa jirgi mai inji ba tare da an yi kwana-kwana ba. Gininsa dangin na kanta ne, ƙashin baya da haƙarƙari da falankai ko allunan filawud da ake lanƙwasawa, sai dai a nan ruwa ne alƙali, kuma ba ya karɓar uzuri. Dumas a Amurka sun shahara da kwafin jiragen gudu na kamfanin Chris-Craft, aero-naut a Jamus suna da ƙananan jiragen mahogani da aka yanka da leza masu sauƙin farawa, Amati suna da Riva Aquarama, jirgin ƙawa na Italiya da aka fara ƙerawa a 1962, Billing Boats kuma suna da jiragen ja, wato masu jan manyan jirage, da na kamun kifi. Abu biyu za ka duba kafin ka biya. Na ɗaya, wasu kwalayen gangarsu roba ce da aka zuba, saman kaɗai ne katako. Ga mai son ya shiga ruwa da wuri alheri ne, ga mai son aikin katako kuwa an rage masa rabin daɗin. Na biyu, yawanci babu injin lantarki, batir, rimot, na'urar daidaita gudu da ta juya akala a cikin kwalin. Daban ake sayensu, kuma in ka haɗa lissafinsu za su iya kamo kuɗin kwalin.

Farin gam na yau da kullum yana sakin jiki in ya jiƙe, don haka sai mai jure ruwa. Ciki da waje sai an shafe da efoksi, wani gam mai ƙarfi da ke hana ruwa shiga, da yawa ma suna shimfiɗa siririn ƙyallen gilashi a waje kafin fenti ko banish. Wurin da ruwa ya fi samun hanya shi ne bututun da sandar farfela ke bi ta fita. Ana cika shi da giris, kuma in sandar ba ta miƙe daidai da injin ba, jirgin zai yi ta kakkarwa yana shan batir a banza. Kafin ka kai shi tafki, sa shi a baho ka bar shi rabin awa, sannan ka leƙa ciki da busasshiyar takarda. Nawa na farko digo uku na samu a gindin haƙarƙari na huɗu, daga wani gibi da ido bai gani ba. Gara a gani a baho.

Akwai ɗan lissafi da ke ba masu farawa mamaki. Tsawo yana raguwa daidai da ma'auni, amma nauyi yana raguwa da ma'aunin sau kansa sau uku. A ce jirgin ja mai tsawon mita 30 da nauyin tan 400 ne aka mayar 1:50. Tsawonsa zai zama santimita 60, nauyinsa kuwa kilo 400,000 a raba da 125,000, wato kilo 3.2. Katakon da injin da batir ba lallai su kai haka ba, don haka sai ka ƙara dalma a can ƙasan ciki har ya zauna a layin ruwansa. In ba haka ba zai yi ta yawo a sama kamar ƙwarya, farfela rabi a waje. Gudu ma haka. Bisa ƙa'idar da injiniyan Ingila William Froude ya fitar a ƙarni na 19, jirgin 1:50 ya kamata ya yi kusan kashi ɗaya cikin bakwai na gudun babban, wato jirgin ja da ke yin mita 6 a daƙiƙa, ƙaraminsa bai kai mita ɗaya ba, tafiyar mutum a natse. Wanda ya sa masa babban inji don ya burge, sai ya ga ya ɗaga hanci yana gudu kamar abin wasan yara.

Wannan lissafin ne kuma ya sa ba a ɗaukar jirgin kanta mai ƙyallen iska a ce za a sa shi a ruwa. Faɗin ƙyallen yana raguwa da ma'aunin sau kansa sau biyu, nauyi sau uku, iskar kuma ba ta ragu ba, ita ce dai ta kullum. Ɗan kaɗawa kaɗan zai kifar da shi, sai in an ɗaura masa dogon ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi wanda babu shi a jirgin gaske. Shi ya sa nake cewa mai son farawa a ruwa ya ɗauki jirgin ja ko na kamun kifi: cikinsa da faɗi, hannu yana shiga a gyara waya, yana da wuyar kifewa, kuma a hankali yake tafiya, ka sami lokacin tunani kafin ya daki gaɓa. Na mahogani masu ƙyalli sun fi kyau, amma banish ba ya ɓoye komai, kowane gibi tsakanin falankai yana nan a fili ƙarƙashin sheƙi. Injin tururi na gaske kuwa, irin na Saito a Japan ko Stuart a Ingila, mai tukunya da wuta a cikin gangar katako, a bar shi sai jirgi na uku ko na huɗu.

In aka jera su ta fuskar irin kuskuren da kowanne ke yafewa, na robali yana yafe rashin ƙwarewa amma ba ya yafe gaggawa. Na kanta yana yafe kusan komai muddin kana da samfefa da haƙurin ɓalle abin da ka liƙa jiya. Na ruwa yana yafe muni, don jirgi mai tabo ma yana tafiya, amma ba ya yafe gibi ko ɗaya. Ta fuskar wuri kuma, na robali tire ɗaya ya ishe shi, ka gama ka share. Na kanta yana son teburin da ba za a taɓa ba wata da watanni, nesa da ƙananan yara da kyanwa. Na ruwa yana ƙara bukatar wurin da iska ke shiga saboda warin efoksi da fenti, da kuma ruwa mai natsuwa da za ka iya kaiwa gare shi, tare da dabarar ɗauko jirgin in batir ya mutu a tsakiya. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne, kuma kada ka ce za ka yi iyo ka bi shi.

Da wani zai ce in zaɓa masa ba tare da dogon bayani ba, sai in tambaye shi abin da ya fara kallo a hoton. In fayafan da ke juyawa ne, ya ɗauki na robali mai sassa ƙasa da ɗari biyu, ya sayi kyandir. In lanƙwasar gangar ce, ya tsallake na robali gaba ɗaya, ba zai ƙara masa komai ba, ya fara da buɗaɗɗen kwalekwale mai sanda ɗaya ko marar sanda. In kuwa ruwan da ke ƙarƙashin jirgin ya fara kallo, ya haɗa ƙaramin kwalekwalen nan tukuna don hannunsa ya san falanki, sannan jirgin ja. Kafin ya biya kuɗin kowanne, ya nemi littafin bayanin kwalin, kamfanoni da yawa suna sa shi kyauta a shafinsu na intanet, ya karanta shafukan da ake rufe gangar. In bayan ya karanta yana jin hannunsa na ƙaiƙayi, ya saya. In kansa ne ya fara ciwo, ya sauko mataki ɗaya.